Ɗan Yumɓun Almu

A wani ƙauye da ke gindin dutse, tsakanin Buza da Keita, akwai wata yarinya mai shekara tara. Tana aji uku a makarantar boko. Tana da ƙoƙari, wannan ba a ƙi ba. Amma tana da wani hali guda. Duk abin da ba a rubuta da alli ba, a wurinta ba karatu ba ne.

Tana da ƙane mai suna Almu, ɗan shekara biyar. Shi yana ajin ƙananan yara, wanda mutanen garin ke kira jardan. Ɗakin jardan na laka ne. Yana can ƙarshen filin makaranta, kusa da wata tsohuwar aduwa. Malamarsu kuwa Madam Balki ce.

A ɗakin Madam Balki babu benci, sai tabarmi. Akwai tsakuwa a kwano, da murafen kwalba, da ƙwallayen aduwa. A kusurwa kuma akwai abin da yara suka fi so. Tsohuwar ƙofa ce aka kwantar a ƙasa, aka zuba mata rairayi. A kan rairayin yaran suka gina garinsu. Ga masallaci, ga rijiya, ga gidajen kowa. Daga gefe an ja layi da yatsa, shi ne ƙoramar bayan gari.

Kowane yaro ya gina ɗan mutum da yumɓu, a madadin kansa. Suna kiransa ɗan yumɓu. Idan za a tashi, kowa sai ya ɗauki nasa ya ajiye a inda za shi. Mai zuwa gida ya ajiye a gida. Mai bin uwarsa rijiya ya ajiye a rijiya. Sai Madam Balki ta tafa sau uku, ta rera:

"Ɗan yumɓu, ɗan yumɓu, ina kake?"

Yaron da ta kalla sai ya amsa:

"Ga ni nan, ga ni nan, ina gida."

Da haka suke koyon ƙirga taku, da sanin dama da hagu, da faɗin magana a gaban mutane.

Yarinyar nan kuwa, in ta ji waƙar daga ajinsu, sai ta taɓe baki. Ta kan ce su suna shan wahalar lissafi, waɗancan suna ta wasan ƙasa, wai kuma duk sunansu ƴan makaranta.

Ɗan yumɓun Almu ba wani kyau gare shi ba. Kansa ya fi jikinsa girma. Hularsa murfin kwalba ce, idanunsa ƙwayar gero biyu. Amma Almu na ji da shi kamar me.

Wata rana da la'asar, babansu Haruna yana gyara kalme a tsakar gida, don damina ta kusa. Sai ya ce bari ya gwada ƴan boko. Ya ce awakinsu goma sha ɗaya ne, uku sun tafi kiwo, nawa suka rage a turke?

Yarinyar ta ruga ɗaki neman allonta, don ita ba ta lissafi sai a rubuce. Kafin ta samo alli, Almu ya jera tsakuwa a ƙasa. Ya ture uku gefe, ya ƙirga saura.

"Takwas, Baba."

Haruna ya yi dariya har ya saki kalmen. Ya ɗaga Almu sama, ya ce ashe wasan Madam Balki ba na banza ba ne. Yarinyar ta fito da allonta a hannu, ba wanda ya ko dube ta. Abin ya ƙona mata rai ƙwarai. Ranar ko tuwo ba ta ci da daɗi ba.

Washegari da aka fita shan iska, ta ga ƴan jardan sun yi layi a bayan ɗaki suna wanke hannu. Sai ta laɓaɓa ta shiga ajinsu.

Ɗakin shiru, da ɗan duhu. Ƴan yumɓu ashirin da wani abu suna jere a gefen garin rairayi. Dukansu ƙofa suke fuskanta. Sai ta ji kamar ita suke kallo. Amma haushi ya fi tsoro ƙarfi. Ta zari mai hular murfin kwalba, ta cusa a jakarta, ta fice.

Da ta isa gida ta rasa inda za ta ɓoye shi. Can ta tuna da gindin randa, inda aka tara rairayi don ruwa ya yi sanyi. Ta tona wurin, ta kwantar da shi, ta rufe da wani fasasshen kasko. A ranta ta ce kwana ɗaya kawai, ya ɗan ji yadda ta ji.

Ta zaci Almu zai yi ta birgima yana ihu. Bai yi ba. Da ma ihun ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ya dai zauna a bakin ƙofa, ya haɗa kai da gwiwa. Inna ta kawo masa fura, ya kawar da kai. Ta tambaye shi ko ciki ne ke ciwo.

"Inna, ba ni cikin gari," in ji shi. "An hidda ni."

Inna ta taɓa goshinsa, ta ce wace irin magana ce wannan, ga shi zaune a gabanta. Yarinyar kuwa ta yi kamar tana neman takalminta.

Kashegari Madam Balki ta tare ta a gindin aduwa. Ta ce an nemi ɗan yumɓun Almu sama da ƙasa ba a gani ba, ko ya tafi da shi gida ne?

"Ban gan shi ba, Madam."

"To, ɗiyata. In kin gani ki kawo. Yumɓunmu ya ƙare, sai an samo wani za mu gina mishi sabo."

Yarinyar ta wuce tana jin kamar an ɗora mata dutse a ka. Ta so ta mayar da shi a ranar, amma yanzu ƙarya ta shiga tsakani. In aka gan shi, za a ce wa ya kawo? Daga nan ko maganar randa aka yi a gida sai ta zabura. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Kwana uku Almu yana zuwa jardan ba ya shiga wasa. In an tashi, kowa ya ajiye nasa, shi yana tsaye a bango. Madam Balki ta ba shi murfin kwalba ya riƙa ajiyewa kafin a samo yumɓu. Ya ce wannan ba shi ba ne. In ta rera masa waƙa, ba ya amsawa. A gida kuma kuka yake yi a ɓoye, har idanunsa suka kumbura suka yi ja.

Ran kwana na huɗu da safe, Inna ta aiki yarinyar ta ɗebo ruwa a randa. Ba kowa a wurin. Sai ta ce bari ta leƙa. Ta ɗaga kaskon a hankali.

Saura kaɗan ta saki moɗar.

Danshi ya cinye ƙafafun ɗan yumɓun. Bakinsa ya karkace. Daga kowane ido kuma wani siririn farin abu ya fito, ya gangaro kan kumatu kamar hawaye. Yana kwance yana kallonta da waɗannan idanu.

Ta mayar da kaskon da sauri. Da ta juya, sai ga Almu tsaye a bayanta, da jajayen idanunsa. Suka kama hanyar makaranta, tana gaba yana baya, ba ta yarda ta waiwaya ba.

A aji ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Tana ta tunani. Idanun ɗan yumɓu sun lalace, na Almu ma sun lalace. To ƙafafun fa?

Ranar an yi wani irin zafi mai nauyi. Iska ta tsaya cak. Sama a kan garin fes take, amma can wajen duwatsun Keita ta yi baƙi ƙirin. Jifa-jifa ana jin cida daga nesa.

Ƴan jardan suna riga manya tashi. Kullum Almu yakan jira yayarsa a gindin aduwa. Yau da ta fito, ba shi a wurin. Ta ce wa kanta ai ya bi yaran maƙwabta. Da ta shiga gida, Inna ta dubi bayanta.

"Ina ƙanenki?"

"Bai zo ba?"

Nan take gida ya rikice. Inna ta nufi rijiya. Haruna ya bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabta suka bazu suna kiran sunansa a lunguna. Ba amsa.

Yarinyar ta tsaya ita kaɗai a tsakar gida. Ta tabbata ita ta jawo. Ta fitar da shi daga garin rairayi, ga shi ya fita daga gari na gaske. Ta tone ɗan yumɓun, ta naɗe shi a bakin zanenta, ta ruga makaranta. Tana ganin in ta mayar da shi wurinsa, wataƙila Almu ya dawo.

Filin makaranta ba kowa. Ko akuya babu. Ƙofar jardan da igiya ake ɗaure ta. Ta kwance, ƙofar ta yi wani ƙara, ta shiga.

Ƴan yumɓu suna nan a cikin garinsu. Wasu a gida, wasu a rijiya, ɗaya a ƙofar masallaci. Gidansu Almu ne kawai babu kowa a ciki. Ta durƙusa za ta ajiye nasa, sai idonta ya kai can gefe. A kan layin ƙorama, kusa da wani tsinke da aka kafa, akwai wani ɗan baƙin dutse. An ɗora masa murfin kwalba a ka.

"Almu ne."

Muryar daga bayanta ta fito. Yarinyar ta yi tsalle har ta bugi bango. Ashe wata ƴar jardan ce mai suna Hamdiya, wadda gidansu ke jikin makaranta. Ta ga ƙofa a buɗe ta leƙo, tana tsotsar aduwa.

"Mi kika ce?"

"Dutsen. Almu ne. Da Madam ta hita bakin ƙohwa ya aje shi. Ya tahi ɗibar yumɓu."

"Ina?"

Hamdiya ta dube ta kamar wadda ba ta san komai ba. Ta nuna da yatsa. Ta ce wannan tsinken shi ne babban gawo. Daga rijiya a bi hagu, taku bakwai, sai gawo. A ƙarƙashinsa ramin yumɓu yake, a cikin ƙorama. Madam ta taɓa gaya musu daga nan ake kawowa.

Aka sake yin cida daga arewa. Yarinyar ta san abin da kowane ɗan garin ya sani. Ƙoramarsu ba ta jiran a yi ruwa a gari. In an yi ruwa a kan duwatsu, sai ta taho a cike, ko da rana na haske a nan.

Ta ruga gidan Madam Balki. Ta same ta tana ɗaura kallabi, don labari ya riga ya iso mata. Yarinyar ta kwance bakin zanenta, ta miƙa mata abin da ke ciki.

"Madam, ni na ɗauke shi. Na yi miki ƙarya. Almu shina ramin yumɓu, ya aje dutse ga ƙorama."

Madam Balki ta dubi ɗan yumɓun, ta dubi yarinyar, ta dubi sama. Ba ta yi faɗa ba, babu lokacin faɗa. Ta kama hannunta suka yi waje. A bakin rijiya suka gamu da Haruna, suka bi hagu su uku, da gudu.

Ƙoramar a bushe take, sai farin rairayi. Gaɓarta doguwa ce, ta fi tsayin mutum. Ruwan shekaru ya ƙwaƙule ta, ya yi mata koguna da yawa a ƙarƙashin saiwoyin gawo. Daga sama ba a ganin cikinsu.

Wurin tsit. Tsuntsayen da ke kan gawon duk sun yi shiru. Sai wata iska mai sanyi ta biyo ƙoramar, tana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Haruna ya dira ciki, yana kiran Almu da ƙarfi. Ya leƙa wannan kogo, ya leƙa wancan. Ba amsa. Tsoro ya sa muryarsa ta yi kaushi kamar ta mai faɗa. Madam Balki ta ce a hankali, yaron na jin su, tsoron duka ne ya sa ya laɓe.

A lokacin ne suka fara jin ƙarar. Ba cida ba ce. Wani gurnani ne mai tahowa ta ƙasa, kamar babbar mota daga nesa. Ba ya tsayawa.

Yarinyar ta san Almu. In ya laɓe, ko za a kwana ana kira ba zai fito ba. Abu ɗaya ne kawai aka saba masa da amsawa. Waƙar nan ce da take taɓe wa baki. Kwana uku ya ƙi amsa ta, don ya ce ba shi cikin gari. Amma yau ai ya ajiye dutsensa.

Ta matsa bakin gaɓa. Ta tafa sau uku. Ta rera:

"Ɗan yumɓu, ɗan yumɓu, ina kake?"

Shiru. Gurnanin na ƙara matsowa. Ta sake tafawa, ta sake rerawa, hawaye na zuba. Sai wata ƴar siririyar murya ta fito daga ƙarƙashin ƙafafunta:

"Ga ni nan, ga ni nan, ina rami."

Haruna ya yi tsalle biyu ya isa wurin. Ya janye saiwoyi, ya zaro yaron kamar ɗan akuya, ya miƙa shi sama. Madam Balki ta cafe. Shi ma ya kama saiwa ya haye.

Bai gama karkaɗe rigarsa ba ruwan ya iso. Jajawur yake, yana tura itace da ƙaya a gaba. Kafin ka ce me, ya cika ƙoramar. Kogon da Almu ya zauna ya nutse. Ɗan kwanon da ya zo da shi ya yi juyi biyu, ya ɓace. Rana kuwa tana nan tana haske a kansu.

Haruna ya rungume ɗansa yana ta hamdala. Almu ya buɗe hannunsa. Ashe duk wannan abin bai saki curin yumɓunsa ba.

A gida yarinyar ta faɗi komai a gaban Inna da Baba da Madam Balki. Ta faɗi haushin da ta ji ranar awaki. Ta faɗi gindin randa. Inna ta yi mata faɗa sosai, kuma ta cancanta. Haruna kuwa ya ce shi ma da laifinsa, da ya yabi ɗaya ya manta da ɗaya. Amma ya ce haushi ba ya halatta ɗaukar abin wani, ƙarya kuma ita ta mai da kwana ɗaya kwana huɗu.

Yarinyar ta durƙusa gaban ƙanenta.

"Almu, ka yahe mini."

Ya yi ɗan tunani. Ya ce ya yafe, amma sai ta taya shi gina sabo.

Akwai abin da ya rage yana damunta. Ta matsa kusa da Madam Balki, ta tambaya a hankali ko da gaske ɗan yumɓun kuka ya yi.

Madam Balki ta yi murmushi. Ta ɗauko shi, ta nuna mata idanun a haske.

"Duba da kyau. Da mi anka yi su?"

"Da gero."

"In gero ya samu danshi kwana huɗu, mi shika yi?"

Yarinyar ta buɗe baki. Kunya ta rufe ta. Ashe tsiro ne kawai. Almu ya ce ai su a jardan sun taɓa shuka wake a gwangwani, haka farin abin ke fitowa, sunansa saiwa. Kowa ya yi dariya, har da ita.

"Yumɓu ba shi kuka, ɗiyata," in ji Madam Balki. "Mai yumɓun ne ya yi kukan. Shi ya kamata ki duba."

Washegari da aka fita shan iska, yarinyar ba ta tsaya da ƙawayenta ba. Ta nufi ɗakin jardan, ta yi sallama, ta zauna a tabarma. Curin da Almu ya kawo ya isa mutum biyu. Suka gina nasa, suka gina nata. Nata ma kan ya fi jikin girma, Hamdiya kuwa ba ta ɓoye mata ba.

Madam Balki ta kafa wata ƙaya a kan layin ƙorama. Ta ce daga yau ba ɗan yumɓun da zai je nan sai tare da babba. Yara suka amsa.

Tsohon ɗan yumɓun kuma suka binne shi a bayan aji, suna ba shi ruwa. Da hutu ya zo, karan gero biyu sun kai gwiwar Almu.

Ranar da suka gina sababbin ƴan yumɓun, kafin ta koma ajinsu, yarinyar ta ajiye nata a gida, kusa da na ƙanenta. Madam Balki ta tafa sau uku ta kalle ta. Ta amsa da murya sosai, ba ta taɓe baki ba.

Tun daga nan ba ta ƙara ɗaukar abin wani ba, komai ƙanƙantarsa. In ta yi kuskure, takan faɗa tun da wuri. Kuma ta gane cewa wasan yara karatu ne. Da ba don wasan da ta raina ba, da ba ta san inda za ta sami ƙanenta ba.